Hular Yallaɓai A Jikin Silin

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce, ni Ɗan'azumi, da furfurata da ciwon gwiwata, sai ga ni tsaye a bakin titi a unguwar Aston ta Birmingham cikin yayyafi, ba takalmi, safata ta sha ruwa ta ƙoshi. A damana wani babban mutum daga gida yana tari kamar tsohon babur. A haguna mutanensa sun jeru kamar masu jiran a ta da salla. A gabanmu kuma ga jar motar 'yan kwana-kwana tana ta walƙiya, duk unguwa ta leƙo ta taga tana kallonmu. In kuka tambaye ni me ya kawo wannan babban mutum ƙasar Ingila, sai in ce muku ya zo koyon yadda ake kare otal daga gobara ne. Kada ku yi dariya tukuna. Ku adana ta, za ta yi muku amfani nan gaba.

Ba zan kama sunansa ba, ba zan kama sunan ma'aikatarsa ba, ba zan ma faɗi garin da ya fito ba. A bar kaza cikin gashinta. Mu dai kira shi Yallaɓai, Garkuwan Tafiye-tafiye, Sarkin Yaƙin Ɗakin Taro, Allah ya ƙara masa nisan kwana da tsawon biza.

Mafarin abin, wani ɗan'uwa ne ya bugo mini waya daga gida. Ya ce wata tawaga ta manya ta sauka a Birmingham. Wai ana so a yi doka a can gida, cewa duk ma'aikacin gwamnati da aka tura aiki wani gari, kada ya kwana a otal sai wanda yake da ƙararrawar gobara, da ƙofar tsira, da bututun nan da ke feso ruwa daga silin in wuta ta tashi. Shi ne aka zaɓo mutum bakwai su zo su ga yadda Turawa suke yi. Na ce madalla, wannan aikin lada ne. Rai ai ba a sayar da shi a kasuwa.

Da na ba maƙwabcina Manasseh labari, muna jiran tiram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, a nan unguwarmu Cheetham Hill ta Manchester, sai ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki. Manasseh ɗan Jos ne, ya tuƙa bas a Manchester har ya yi ritaya, bakinsa kuwa bai yi ritaya ba.

"Alhaji, bututun da ke feso ruwa? Da wane ruwan? Unguwarmu rabon famfo da ruwa tun ina da gashi a kaina."

Na ce, "Kai Manasseh, matsalarka rashin kishin ƙasa. Wa ya ce maka dokar za ta ce sai bututun ya feso ruwa? Cewa za ta yi a sa shi."

"To ai shi ke nan. Ranar da shagon ƙanina ya kama, motar kashe gobara ta zo da jiniya da komai, direban ya sauko yana tambaya ko akwai rijiya kusa."

"Ka gani? Ai ta zo. Godiya ce ba ku iya ba."

To su manyan namu, da farko a wani katafaren otal suka sauka a tsakiyar gari, irin wanda ƙofarsa ke buɗe kanta tun kafin ka yi sallama. Ba su daɗe ba suka gaji. Ba buta a banɗaki, abinci kamar na majinyata, kuma an gaya musu baro-baro ba a kunna komai a ɗaki. Shi kuwa Yallaɓai, ashe ba ya iya barci sai da turaren wuta. Uwargidansa ta haɗo masa kwalba guda, da kasko, da gawayinsa a leda. Shi ne suka ce a nemo musu masauki na namu, inda za a san darajarsu. Ɗan'uwan nan nawa ya ce, "Alhaji, kai ne dattijonmu a can, ka san gari."

Ni kuma da bakina, wannan bakin da nake cin tuwo da shi, na ce, "Ai ga gidan Hajiya Turai a Aston."

Bari in gaya muku ko wace ce Turai. Matar marigayi Musah ce, mutumin Kumasi, abokina tun muna dakon dilar yadi a sito-sito na Cheetham Hill lokacin da bayanmu yake da ƙarfi. Da gumin dakon nan ya sayi wani tsohon gida mai hawa uku a Aston, ya mai da shi masaukin baƙi. Iyayen ɗalibai in sun zo bikin kammala karatun 'ya'yansu a can suke sauka, a ba su koko da ƙosai da safe, a nuna musu alƙibla ba sai sun tambaya ba. Musah ya rasu ya bar mata gidan, bai bar mata wani abu ba bayan shi. Gidan nan shi ne gonarta, shi ne kasuwarta, shi ne fanshonta. Kuma a ƙasar nan, duk mai kwantar da baƙi yana ƙarƙashin dokar gobara. In masu dubawa suka zo suka ga abin da bai yi musu ba, suna iya cewa kada wani mahaluki ya sake kwana a ciki. Turai ta san wannan kamar yunwar cikinta. Ta sa ƙofofi masu nauyi da ke rufe kansu, ta sa ƙararrawa a kowane silin, ta rataya jajayen tukwanen kashe wuta a kowane hawa. Kullum tana gogewa kamar kayan jeren ɗaki.

Ran Litinin da yamma ta kira ni. Ta gaishe ni har da tambayar gwiwa. Na san ruwa ba ya tsami banza.

"Yaya Alhaji, baƙinka fa."

"Lafiya suke?"

"Su lafiya lau. Gidan ne ba lafiya. Ni mace ce, kuma su manya ne, ba zan iya buɗa baki in ce musu ku bari ba. Kai ka kawo su. Don Allah ka zo ka yi musu magana, kafin su ja a rufe mini gida."

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Washegari na sa babbar rigata, na hau doguwar bas zuwa Birmingham, ina tafe ina shirya kalamai. Babban mutum ai ba a ce masa ka yi kuskure. Hannunka mai sanda ake yi masa, shi kuma in ɗan halak ne ya gane.

Ina shiga gidan na ga abin da ya sa Turai ta kira ni. Lungun da ke kaiwa ƙofar tsira ta baya ya cika maƙil da kaya. Akwatuna, manyan jakunkunan nan masu zane-zane, kwalayen takalma, barguna, har da keken yara. Ashe safiya kaɗan suka yi a ɗakin taro, sauran lokacin duk a kantuna ake nazarin gobarar. Na hau bene da ƙyar. Ƙofar ɗakin Yallaɓai a wangale, kuma me aka tokare ta da shi? Jar tukunyar kashe wuta. An ciro ta daga bango an ba ta sabon aiki.

Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda tarbiyya ta ce, na yi sallama.

Yallaɓai yana kishingiɗe a kan gado, daga shi sai singileti da wandon shadda, tumbi ya yi gaba kamar ya riga shi zuwa Ingila. A gefensa wani dogon mutum a durƙushe yana hura gawayi a kasko. Shi ne mai ɗaukar masa jaka. Gemunsa ya fara furfura, amma har yanzu "kai yaro" ake ce masa, yana amsawa da "ranka ya daɗe". Na ɗaga kai na dubi silin. Inda ƙararrawa take, sai na ga hula. Zanna bukar ce mai kyau, aikin hannu, an kifa ta a kan abin an ɗaure da roba.

Muka gaisa. Muka gaisa da iyali, da gajiya, da sanyi, da mutanen gida, da waɗanda suka rasu tun ina yaro. Aka kawo shayi, aka fasa goro. Sai da na ga an natsu sannan na gyara murya.

"Ranka ya daɗe, magabata sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa."

Ya tashi zaune. "Allahu akbar! Kai yaro, riƙe wannan a kanka. Da shi za mu buɗe jawabinmu in mun koma. Ci gaba, Baba."

"Sun kuma ce rigakafi ya fi magani."

"Shi ne taken tafiyar nan tamu kacokan! Ai mutanenmu ne ba sa ji, Baba. Jahilci ya yi musu yawa. Sai ka ga mutum yana wasa da wuta a cikin ɗaki."

Na dubi kasko. Na dube shi. Bai ko ƙifta ido ba. Na ce bari in matso kusa.

"Ranka ya daɗe, hular can ta sama kyakkyawa ce."

"Ka gan ta ko? Wata uku ana ɗinkin ta. Abin nan na ƙarƙashinta ne ba ya son ƙamshi. Amma fa na'ura ce mai kyau, mun yi nazarinta sosai. Irinta za mu sa a kowane otal a gida, har mun san wanda za a ba kwangilar."

"Ita kuma ƙofar, na ga an tokare ta."

"Ba ta da ladabi ne. Mutum yana shigowa ta rufe a fuskar na bayansa. Haka ake yi?"

Jama'a, na shekara saba'in da ɗoriya ina jifan mutane da karin magana, ban taɓa ganin wanda ya cafe kowace ɗaya ya sa a aljihu ya ce a ƙaro ba sai ranar. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ina cikin tunanin ta inda zan ɓullo, sai ya juya ga mai jaka.

"Kai yaro, ba ka ga dattijo ya zo tun daga Manchester ba? A ƙara wa Baba turare."

Na ce a'a, na gode, ƙirjina ba ya so. Ya ɗauka kara nake yi. Mai jaka ya dumbuzo turare cikin hannu ya antaya a kan garwashi. Hayaƙi ya turnuƙe, fari fat, mai kauri kamar kunu. Ita ƙararrawar ɗaki ba ta ce komai ba, tana cikin hularta. Amma ƙofa a buɗe take. Hayaƙin ya yi sallama da mu ya fita lungu, inda wata ƙararrawar take zaune kai ba hula.

Kun san kukan abin nan. Ba kunne yake shiga ba, haƙori yake shiga. Mai jaka ya zabura ya yi fatali da kasko, garwashi ya watse a kan kafet, ya shiga tattakawa yana salati. Daga ƙasa na ji Turai tana ihu, "A fita! Kowa ya fita waje!"

To nan ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Sauran mutanen tawaga suka fito daga ɗakunansu a guje. Na ce alhamdu lillahi, ashe sun koyi wani abu. Suna isowa bakin matakala sai suka ja burki, suka jeru a jikin bango, hannu a baya. Ba wanda ya taka ko ɗaya. Yallaɓai bai fita ba. Wa ya isa ya riga shi?

Shi kuwa Yallaɓai ya ce ba zai fita gaban jama'a da singileti ba. A miƙo babbar riga. Aka miƙo. Ya ce hula fa? Sauran hulunansa suna cikin akwati, akwatin yana ƙasan tulin kayan da ke ƙofar baya. Saura ta silin. Mai jaka ya jawo kujera ya hau, yana tari yana kokawa da roba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gobara ba ta duba kan mutum."

Ya ce, "Baba, akwai mutunci."

Na fito lungu in sauka abina, wani mai gilashi daga cikinsu ya tare ni da ladabi. "Baba, ɗan dakata, Yallaɓai na fitowa." A bayansa kuma wasu biyu suna gardama ƙasa-ƙasa a kan wanda zai bi bayan Yallaɓai. Ɗaya ya ce shi ya riga hawa mataki na goma sha shida. Ɗayan ya ce shi ne muƙaddashi, kuma muƙaddashi yana gaba da mai mataki. Ƙararrawa tana ta tsala ihu a kansu, su kuma suna lissafin shekarar da kowa ya kama aiki.

Sai ga wata tsohuwa ta gangaro daga hawa na uku, 'yar Kumasi ce da ta zo bikin jikarta a jami'a, tana dogara sanda, carbi a wuya. Ta tarar hanya a toshe da manya. Ita ba ta san mataki ba, ba ta san muƙaddashi ba.

"Ku ba ni hanya, 'yan banza! In ku kun gaji da duniya ni ban gaji ba!"

Ta sa sanda a haƙarƙarin mai gilashi, ya kauce. Na bi bayanta kamar jela. Wallahi ban tsaya neman takalmi ba.

Mu da tsohuwa da Turai muka daɗe a titi kafin tawaga ta fito. Yallaɓai a gaba, da riga da hula, yana takawa ɗai-ɗai kamar zai buɗe sabuwar asibiti, sauran a bayansa bi da bi. Ban san yadda aka warware rikicin muƙaddashi ba, amma na ga ɗaya yana hararar ɗaya. Suna fitowa motar kwana-kwana tana tsayawa. Da wutar gaske ce, jama'a, da yau ba wannan rubutun nake yi ba. Da ana can ana neman mai wankan gawa bakwai, kuma na tabbata da an yi rigima a kan wanda za a fara sallata.

'Yan kwana-kwana suka shiga, suka fito. Ba wuta, sai kafet da ya ƙone da hayaƙi mai ƙamshi. Shugabarsu mace ce, gajeriya, fuskarta ba wasa. Ta ga tulin kaya a ƙofar tsira, ta ga tukunya tana tokare ƙofa, ta ga roba tana reto a jikin ƙararrawa. Sai kuma aka gano ashe sauran ɗakunan ma duk an yi koyi da shugaba: wani da hula, wani da safa, wani da ledar burodi. Biyayya ke nan.

Ta fito ta tsaya a gabanmu ta ce, "Who's in charge here?"

Turancina na sito ne, amma wannan na gane. Yallaɓai ma ya gane. Tunda aka haife shi bai taɓa jin an tambayi shugaba ya yi shiru ba. Ya tako gaba, ya gyara riga, ya ce shi ne. Ya fara jero muƙamansa. Ta bari ya kai rabi, sannan ta tambaye shi ko shi zai amsa laifin toshe ƙofar tsira da rufe ƙararrawa. Jama'a, ban taɓa sanin mai tumbi yana iya ja da baya da sauri haka ba. Ya nuna Turai da hannu biyu, kamar mai gabatar da babbar baƙuwa. "Ga mai gidan nan."

Matar ta juya ga Turai ta yi mata magana a hankali, ba tsawa. Ta ce doka ba ta san baƙo ba, mai gida ta sani. Ta ce gobe mai dubawa zai zo, in ya tarar da gidan yadda ta gan shi yau, babu wanda zai ƙara kwana a ciki. Ta ce sorry. Mutanen ƙasar nan suna yanka ka suna ce maka sorry, amma wannan karon ban ga laifinta ba.

Na dubi Turai. Ta tsaya tana kallon gidan, tun daga ƙofa har bututun hayaƙi. Na san ba bulo take gani ba, bayan Musah take gani da dila a kai.

Yallaɓai ya matso. "Hajiya, kada ki damu. Zan yi magana da na sama."

Wane na sama? A nan ba shi da ko na gefe. Bai ma jira amsa ba, ya hango abin da ya fi masa muhimmanci. Ya ce mai jaka ya fito da waya. Suka jeru a gaban jar mota, shi a tsakiya, aka ɗauki hoto. Aka sake ɗauka don muƙaddashi ya rufe ido. Kafin magariba hoton ya zagaye wayoyin mutanen gida, an rubuta a ƙasa wai tawaga ta kammala atisayen gwaji cikin nasara. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

Ana cikin hoton ne Turai ta cire gyalenta ta ci ɗamara da shi. Matar da na sani shekara da shekaru ba ta taɓa haɗa ido da ni ba in tana gaishe ni. Ta je ta tsaya tsakanin Yallaɓai da mai ɗaukar hoto.

"Yallaɓai, na gode da kuka zaɓi gidana. Allah ya saka. Yanzu ku kwashe kayanku."

Mai gilashi ya ce, "Hajiya, kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Da wanda ya sa wa silin ɗina hula."

Yallaɓai ya yi murmushin manya. "Haba Hajiya, mu fa baƙinki ne. Ko zaman Turai ya sa kin manta da al'ada?"

"Ban manta ba. Al'adar ce ta sa na yi shiru kwana da kwanaki ina kallo kuna toshe mini ƙofa. Na aika a ɗauko muku dattijo tun daga Manchester don kada in yi muku rashin kunya. Kuka ba shi shayi. Ku in an rufe gidan nan jirgi za ku hau. Ni ina zan hau?"

Tsohuwar Kumasi ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Gaya musu, ɗiyata."

Turai ta shige ciki, ta jawo jaka ta farko ta dire a bakin titi. Ta koma ta jawo ta biyu. Sannan ta dube ni. "Yaya Alhaji, kai ka kawo su. Kama mini nan."

Na kama. Rabona da dako tun kafin gwiwa ta fara yi mini gardama, amma hannu ba ya manta sana'a. Na ɗauki kwalin takalma, na ɗauki bargo, na turo keken yara. Su kuma manya suna tsaye suna kallo, don ɗaukar kaya ba ya cikin aikin mai mataki na goma sha shida. Mai jaka kaɗai ya taya mu, kuma na rantse na ga yana danne dariya a cikin gemu. Tasi uku suka kira. Suka koma otal ɗin da ba buta. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana.

Muka kwashe yammacin muna mai da tukwane bango, muna cire safa da leda daga silin. Washegari mai dubawa ya zo, wani siririn Bature mai tafiya kamar ba ya son taka ƙasa. Ya tura kowace ƙofa ya ga ta rufe kanta, ya danna kowace ƙararrawa ya ji ta yi kuka, ya bi lungun baya ya ga ba ko tsinke. Ya ja wa Turai kunne sosai, ya ce zai dawo ba sanarwa. Amma bai rufe gidan ba. Da ya tafi ta zauna a kan matakala ta yi kukan da ta riƙe tun jiya. Ni kuma na yi kamar ina duba kafet.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci a unguwar Old Trafford, sai na ji ana ƙus-ƙus. Wai Turai ta kori baƙi. Wai ta zubar mana da mutunci a idon manya. Wani ma har da cewa ai baƙonka annabinka. To ku saurara, ku masu wannan magana, don da ku nake. Wanda ya faɗi haka bai ce ka zuba ido baƙo ya babbaka maka gida ba. Jin kunyar marar kunya asara ce. Ni da na je da buhun karin magana na dawo da shi a cike, ita da kalma huɗu ta gama aikin. Wannan kunyar tamu, da wannan "ranka ya daɗe" da muke yi wa duk wanda ya ɗaura babbar riga, ita ta sa kasuwanninmu suke ci da wuta duk shekara, a zo a yi jaje, a kafa kwamiti, kwamitin ya hau jirgi. Mutum shida sun tsaya a bakin matakala suna jiran ɗaya ya sa hula. Ku gaya mini wace doka ce za ta yi maganin wannan? Ka sa bututu a kowane silin na ƙasar, ka cika shi da ruwan zamzam, in dai ƙarami ba zai iya wuce babba ya tsira da ransa ba, tusa ce kake hura wuta da ita.

Ban ce kada a yi dokar ba. A yi ta, Allah ya sa albarka. Ma'aikacin da aka tura aiki shi ma ɗan wani ne, bai kamata ya kwanta a otal mai ƙofa ɗaya da taga mai ƙarfe ba. Roƙona ɗaya ne ga masu girma, Allah ya ja zamaninsu: in za a rubuta, a sa layi guda a ciki cewa ranar gobara an dakatar da girma har sai an fita waje. In an fita, kowa ya ɗauki nasa.

Jiya da safe Turai ta sake kirana. Ta ce wasu sun bugo mata daga gida, wata sabuwar tawaga ce, mutum tara, suna neman masauki na namu. Na ce su kuma me suka zo koyo? Ta ce yadda ake hana ambaliyar ruwa.

Na ce ta gaya musu gidan ya cika. In kuma ta ga ba za ta iya ba, to ta bari in fara tambayar Manasseh ko ya san inda ake sayar da kwalekwale.